Ƙaramin farantin da ke ƙofar tirela, wa ke karanta shi?

Kusan kowace babbar mota, DAF ce ko MAN ko Mack, tana fitowa daga kamfani da ɗan farantin ƙarfe ko sitika, galibi a jikin ƙofar direba. A nan aka rubuta lambar shasi, da iyakar nauyin motar haɗe da kayanta, da abin da kowane aksil zai iya ɗauka. A kan waɗannan lambobi aka auna birki, aka zaɓi taya da sifirin. A Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai doka ce ta tilasta manna shi.

Da motar ta sauka a Najeriya sai labari ya sauya. Mai walda ya ƙara tsawon bodi, makanike ya ƙara ganyen sifirin don kada ta durƙusa, amma birkin na nan yadda aka ƙera shi. Sifirin zai ɓoye obalodi daga ido, ba zai tsayar da mota a gangara ba. Idan kuma aka loda shanu ko buhunan hatsi daga Arewa zuwa Kudu, mutane suka hau sama, kifewa ɗaya sai ta ci rayuka da dama.

Hanya ma tana ɗanɗana kuɗarta. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoyi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninku kusan sau 16.

Ba dokar aka rasa ba. Tun 2012 ECOWAS ta amince da ƙa'idar bai-ɗaya kan nauyin aksil. Amma ba a gane nauyi da ido, kuma jami'in FRSC ko VIO da ke tsaye a bakin titi ba ya da sikeli. Abin da zai iya dubawa takarda ce.

Kama direba kawai ba zai wadatar ba, domin ba shi ke yanke yawan lodi ba. Mai mota da mai kaya ne. Ya kamata a kafa sikeli a inda ake lodi, kamar tashar Apapa, kamfanonin siminti da manyan kasuwannin hatsi irin ta Dawanau, tarar kuma ta hau kan wanda ya yi lodin. Motar da aka sauya wa bodi a sake gwada ta kafin VIO ta ba ta takardar lafiya.