Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Ina Haƙƙin Mai Zane?

A zangon karatun da ya gabata wata takardar sanarwa ta iso hannunmu, wadda wata ƙungiya mai da'awar raya al'adu ta rarraba a makarantu da rumfunan masu sana'a na Azare da kewayenta. Takardar tana kira ne ga masu zanen hula da na riga da masu zanen lalle, su aika da sababbin zane-zanen da suka ƙirƙira da kansu, domin a tace, a buga waɗanda suka yi fice a cikin littafi. Har zuwa nan babu abin zargi. Amma can ƙasa, cikin ƙananan haruffa irin waɗanda sai mutum ya ɗora tabarau, an rubuta cewa duk zanen da aka aiko, ko an buga shi ko ba a buga ba, ya zama mallakar ƙungiya, kuma ladan wanda aka zaɓa shi ne takardar yabo da kwafi ɗaya na littafin. Ba za mu ambaci sunan ƙungiyar ba, domin ba ita ta fara ba, kuma idan aka bi diddigi, mu kanmu malaman jami'a muna da hannu dumu-dumu a cikin wannan ta'ada.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya tuna yadda hular da ke kansa ta zo gare shi. Farkonta ƙyalle ne fari fat. Mai zane shi ke shimfiɗa shi bisa katako, ya ɗauki biro, ya raba gidaje, ya ja layuka, ya auna yadda ƙarshen zanen zai komo ya haɗu da farkonsa ba tare da an ga gaɓa ba. Daga nan dillaliya ta ɗauka ta shiga gidaje, matan aure da 'yan mata masu tara kuɗin kayan ɗaki su duƙufa da allura da zare, wani lokaci makonni, suna bin sawun biro. Sai mai haɗa kai da jiki, sai mai wanki da sitaci, sai ɗan kasuwa da zai kai ta kasuwar Azare ko ya wuce da ita Kurmi ta Kano. Kowa a cikin wannan jeri yana cin guminsa a kan kowace hula, ko da kuwa na mata masu ɗinki bai taka kara ya karya ba. Shi ma mai zane ana biyansa ladan jan biro a kan ƙyalle. Abin da ba a taɓa biyansa ba shi ne dararen da ya kwana yana saƙawa da kwancewa kafin sabon zanen ya fito. Ran da hular farko ta shiga kasuwa, ran nan zanen ya kuɓuce masa. Da can sai an sayi hular an zauna an kwaikwaya. Yanzu hoto ɗaya a wayar hannu ya wadatar, kafin wata ya kama zanen ya shiga kwamfutar injin ɗinki, ana fitar da shi ɗari-ɗari.

Dubi ma sunayen da muke kiran hulunan da su. Zanna Bukar ta ɗauki sunan ɗan siyasar da ya yi fice da sanya ta a Jamhuriya ta Farko, wato Zanna Bukar Dipcharima. Minista ta ɗauki sunan muƙami. Mu-haɗu-a-banki kuwa sunan tsadarta ta ɗauka. Mai sawa ya sami suna, kujera ta sami suna, kuɗi sun sami suna, wanda ya zana bai samu ba. Mu da muke koyar da adabi mun san mawallafan waƙoƙin ƙarni na 19 da na 20 saboda sun saba saka sunansu a baitocin ƙarshe, wasu har da ramzin shekara. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tana buga haruffan sunanta a gindin tukwanen da ta gina a Abuja, shi ya sa ko bayan rasuwarta a 1984 ba a iya raba ta da aikinta. A nan jiharmu, gidan Madaki na Kafin Madaki har yau ana danganta shi da Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na Zariya. Ashe ke nan Bahaushe ya san darajar danganta aiki ga mai shi. Mai zane ne kawai aka bari a baya, don hula ba ta da baitin ƙarshe.

Domin kada a ce mafarki muke yi, bari mu ɗan yi nisan zango zuwa ƙasar Japan, inda wata sana'a da ta fi zanen hula rauni ta taɓa zama cikin irin wannan hali. Sunanta origami, wato ninke takarda guda mai kusurwa huɗu, ba yanka ba liƙi, har ta zama tsuntsu ko kwaɗo ko doki. Ɗan kwale-kwale da jirgin sama da muka riƙa yi da takardar littafi a firamare 'yan uwanta ne. Shekaru aru-aru ana ɗaukarta wasan yara, siffofinta kuma na kowa da kowa, kamar tsuntsun nan mai kama da gauraka da aka yi littafi a kansa tun 1797. Sai aka sami wani mutum, Akira Yoshizawa, wanda aka haifa a 1911. Ya bar aikin masana'anta a 1937 ya rungumi ninkin takarda, ya yi shekaru cikin talauci yana tallar abinci gida-gida. Mujallar Asahi Graph ce ta fito da shi, lokacin da ta buga wasu dabbobi 12 da ya ninka a fitowarta ta Janairun 1952, da sunansa a jiki. A 1954 ya fitar da littafinsa na farko, ya kuma shimfiɗa hanyar rubuta ninki da ɗige-ɗigen layuka da kibau, wadda daga baya aka faɗaɗa ta zama ita ce ake bi a duniya. Kafin rasuwarsa a 2005, wannan wasan yara ya zama fanni mai mawallafa sanannu.

Abin lura a nan shi ne abin da rubutun ya haifar. Da zarar an iya sa ninki a takarda mataki-mataki, sai ya zama ana iya cewa wannan na wane ne, wancan kuwa na gado ne. Masu sana'ar suka ɗora wa kansu ladabi: ka ninka siffar wani don nishaɗinka ba laifi, amma in za ka sake buga matakanta, ko ka sayar, ko ka koyar don a biya ka, to sai ka nemi izini, kuma sunan mai ita yana tafe da ita duk inda ta je. A 2011 Robert Lang, masanin kimiyyar lissafi da haske ɗan Amurka wanda ya koma ninkin takarda, shi da wasu abokan sana'arsa biyar suka kai mai zane Sarah Morris ƙara, bisa zargin ta ɗauki taswirar layukan ninkinsu ta shafa musu launi ta baje a matsayin aikinta. An sasanta a 2013. Ba mu kawo wannan don mu ce kotu ce maganin kome ba. Mun kawo shi ne don a ga cewa layukan da ke kan takardar da ba ta kai kuɗin ƙosai ba sun isa a tsaya a kansu a gaban alƙali.

Mun san abin da za a ce mana, domin mun sha jin sa a ɗakin shan shayi. Za a ce zanen Hausa gado ne, ba shi da uba, kowa daga wani ya gani. Gaskiya ne dagi ba na kowa ba ne, haka aska biyu da aska takwas, kuma duk wanda ya ce shi ya ƙago su ya yi ƙarya. Amma karin waƙa ma gado ne. Ba mu taɓa jin an ce wa sha'iri waƙarsa ta kowa ce don ya gina ta bisa karin da ya tarar ba. Malamin da zai kwana yana bambance salon wannan marubuci da na wancan, shi ne kuma zai dubi huluna hamsin ya ce duk "gargajiya" ce. Wannan rashin ido ne, ba hujja ba. Je ka rumfar masu zane ka ajiye hula, kafin ka zauna za su gaya maka hannun wanda ya zana ta.

Za a kuma ce ilimi ba a sayar da shi, wanda ya ɓoye shi ya yi laifi. Abin mamaki, masu wannan wa'azi ba su taɓa raba littafin da suka buga kyauta ba. Kuma tun a watan Disamba na 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, ba ya halatta a keta su. Sai hujja ta uku, wadda ta fi ba mu haushi: wai bugawar talla ce ga mai zane. Tallar me, alhali an riga an karɓe abin da zai sayar?

Ga wani tarko kuma da masu sanarwar ba su faɗa ba, wataƙila su ma ba su sani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, daga ta 1988 har zuwa ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana ba mai aikin fasaha kariya da zarar ya sa aikinsa a takarda, ba sai ya yi rajista ba, tana kuma ba shi ikon a ambaci sunansa. Sallama wannan haƙƙi ga wani sai da rubutu, shi ya sa ɗan layin nan na ƙasan takarda da sa hannun da ke biye da shi ba abin wasa ba ne. Amma zanen da aka yi domin masana'anta ta riƙa fitar da shi da yawa, wannan yana ƙarƙashin wata doka ce dabam ta 1970, wadda ke neman rajista a Abuja, ta ba da kariyar shekara 5 da za a iya sabuntawa sau biyu. A ƙarƙashinta, zanen da ya riga ya bayyana ga jama'a kafin a nemi rajista ba a ɗaukarsa sabo. Wato ranar da littafin ƙungiya ya fito, ranar ce wannan ƙofa za ta rufe wa mai zane, kamfanin da ke da inji kuwa ya sami kundin samfuri a kan kuɗin littafi ɗaya.

To, mu fa? Shekara nawa muna tura ɗalibai Azare da Chinade da Madara da tsohon garin Katagum su tattaro zane-zane don kundin digiri? Ɗalibi ya je ya durƙusa ya gaida dattijo, a buɗe masa littafin da aka yi shekara talatin ana tarawa, ya ɗauki hotuna, ya dawo. A kundin, kowane Bature da aka ɗauko jimla ɗaya daga littafinsa yana da suna da shekara da shafi. A ƙarƙashin hoton zanen kuwa sai a rubuta "wani zanen hula daga ƙasar Katagum". Mu ne muke duba kundin, mu sa hannu, mu ba da maki. Wani lokaci ma mu tsamo maƙala daga ciki mu sami ƙarin girma. Da ɗalibin ya yi wa marubuci haka, da mun kira shi ɓarawon rubutu mun kai shi gaban kwamiti.

Abin da muke nema ba shi da wuyar fahimta. Duk mai son buga zanen wani, ƙungiya ce ko mujalla ko sashen jami'a, ya rubuta sunan mai zanen da garinsa a ƙarƙashin kowane hoto, sai fa in shi ko ita suka ce a sakaya, kamar yadda wasu matan aure za su fi so. Izinin da za a karɓa ya tsaya ga wannan bugu kaɗai, zanen ya ci gaba da zama na mai shi, wanda ba a zaɓa ba kuma a mayar masa da abinsa. In littafin na sayarwa ne, a yanka masa kuɗi a kan kowane zane ko kaso daga ciniki, a rubuta yarjejeniyar da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta masa a gaban shaidu. In wani kamfani ya ga zanen yana so ya sa a inji, wannan sabon ciniki ne, kuma da mai zane za a yi shi. Wanda ya ce ba shi da kuɗin biyan masu zane, alhali yana da na maɗaba'a da na hayar zauren ƙaddamarwa da na abincin manyan baƙi, ya dai faɗi wanda ya raina ne kawai.

Makon da muka ga sanarwar nan mun kai ta wurin wani dattijo mai zane da muka daɗe da sani a bakin kasuwa. Muka karanta masa har da ƙananan haruffan. Ya ce, "Malam, ai an taɓa yi mini. Yara sun zo daga makaranta na buɗe musu littafina, bayan shekara biyu na ga zanena a kalanda a shagon mai magani, an ce na mutanen da ne. Ni kuwa ga ni zaune." Muka ce, "Baba, ko za mu iya ganin littafin?" Ya yi murmushi ya ce yana gida cikin adaka, kuma makullin ya ɓata. Sababbin zane-zanen da ke zuwa masa yanzu ba ya ma sa su a takarda, 'ya'yansa kuwa babu wanda ya ɗauki biron. Babban yana tuƙa Keke Napep a hanyar Misau.