Filin Manoma da Makiyaya: Garken da ke cikin rijiyar gas

Itacen girki ya yi wuya a ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Manoman Ɗan Saga da maƙwabtansu sun sha aiki kafin su rayar da itatuwa a gonakinsu da sassaben zamani, ba su son a sare su a kai murhu. Shi ya sa ake maganar rijiyar gas. Rami ne da ake ginawa da bulo da siminti, a rufe shi ruf, a riƙa zuba kashin shanu da ruwa, gas ya fito ta tiyo a yi girki. A 2021 ƙasar Holan ta ɗauki nauyin wani shiri na yaɗa wannan rijiya a ƙasashe biyar na Afirka, har da Nijar.

Amma siminti ba ya yin gas. Masu aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, irin na cikin tumbin saniya. Tare da kashin suke zuwa. Mai rijiya makiyayi ne, ko da bai taɓa ganin garkensa ba.

Halittun nan iri-iri ne, kowa da aikinsa. Na farko suna narkar da kashin. Wasu su mai da shi tsami, kamar yadda madara ke zama nono. Na ƙarshe su ci tsamin su ba da gas mai kama wuta. To, a nan maganar take. Masu yin tsami suna da saurin haihuwa, cikin awoyi sun yi yawa. Masu yin gas kuwa sai sun yi kwanaki, kuma ba su jure iska, ba su jure tsami mai yawa.

Idan mutum ya yi zari ya antaya kashi fiye da kima a rana ɗaya, tsami zai taru, masu yin gas su kasa cinye shi, su sume. Wuta ta riƙa mutuwa, ruwan da ke fita ya yi warin tsami. Sau da yawa sai a ƙara kashi, ana zaton yunwa ce. Wannan shi ke ƙarasa rijiyar. Abin yi shi ne a dakatar da zubawa na ƴan kwanaki, a ɗebo ruwan wata rijiya mai lafiya a zuba, kamar yadda mata ke sa tsohon nono cikin sabuwar madara. Sabuwar rijiya ma haka ake tada ta, ko da abin cikin tumbi daga mahauta. Gas ɗin farko ba ya kama wuta sosai, sai a yi haƙuri.

Ƙa'ida ita ce bokiti ɗaya na ɗanyen kashi, bokiti ɗaya na ruwa, kullum daidai gwargwado. Kilo ɗaya na kashin saniya yana ba da gas wajen lita 40. Kashin jar akuya yana da tauri, sai an jiƙa shi an dama. A tsince rairayi, don yana cika rami. Kada ruwan sabulu ko maganin ƙwari ya shiga. Saniyar da likitan dabbobi ya yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, a ware kashinta na ƴan kwanaki, don maganin ba ya bambanta mugu da nagari.

Halittun sun fi son ɗumi wajen digiri 35. Da ɗari, a Disamba da Janairu, gas yakan ragu, ba lalacewa ba ce.

Sai kuma damina, lokacin da shanu ke tafiya arewa don gudun ɓarnar gonaki. Mai rijiya ya bar shanu biyu ko uku a turke, ko ya shirya da maƙwabci mai shanun amalanke tun kafin garke ya tashi.