A ce "kunnen doki", a bar mana "deuce"

Yaron da ya tashi a Zangon Tamale ba sai an koya masa ƙidayar ƙwallon ƙafa ba. Ci ɗaya ɗaya ne, biyu biyu ne. Garin da Abedi Pele ya buga wa RTU tun yana matashi, wa zai koya wa wani? Amma a kunna wasan tanis a talabijin, sai ka ga an canza tasha. Ni a ganina ba wasan ne ya gundure mu ba, ƙidayar ce ta kore mu.

Ga yadda abin yake. Ci na farko 15 ne, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuma an ci zagaye. Wanda bai ci komai ba, sai alƙali ya ce yana da "love". Ba soyayya ake nufi ba, sifili ne. Wani ƙaulin ya ce daga kalmar Faransanci ta ƙwai aka samo ta, don ƙwai ya yi kama da sifili. Kuma makin mai fara bugu ake fara faɗa. In an yi 40 da 40, shi ne "deuce": sai mutum ya ci biyu a jere. Ya ci ɗaya, ya samu "advantage". Ya ɓarar, a koma gidan jiya. Wanda ya riga cin zagaye 6 da tazarar biyu, ya ɗauki rukuni.

To, ina wahalar? Babu, sai baƙuncin kalmomi. Abin da ke ba ni haushi shi ne, ba dole ba ne a faɗe su da Turanci. A gasar Roland Garros ta Faransa, alƙali da Faransanci yake shela, sifili ma sifili yake ce masa. Mu kuwa masu labarin wasanni a shirye-shiryen Hausa na rediyo sai mu dage da Turancin Ingila, wai kar a ce ba mu waye ba.

Alhali kalmomin na nan a bakinmu. "Deuce" kunnen doki ne. "Advantage" kuwa, a ce wane na da rinjaye, saura ɗaya. "Love", a ce yana nema, kamar yadda muke cewa biyu da nema a ƙwallo. "Tie-break", wanda ake yi in an yi 6 da 6 a riga kai maki 7 da tazarar biyu, raba gardama ne, kuma sunan ya dace da tarihinsa. A Wimbledon ta 2010, John Isner da Nicolas Mahut sun shafe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, rukunin ƙarshe ya tashi 70 da 68, saboda a lokacin babu raba gardama a rukunin ƙarshe. Tun 2022 manyan gasa huɗu duka sun koma raba gardama mai maki 10 a nan.

Wani zai ce yaron da zai shiga gasa a Accra dole ya ji na Turancin. Gaskiya ne, zai kuwa koya cikin mako guda in ya riga ya gane wasan. Matsalar uwarsa ce da ubansa, masu sayen takalmi da biyan kuɗin mota. Ba wanda zai zuba sidi a wasan da ba ya gane wa ke ci. Lokacin da Ons Jabeur, Musulma 'yar Tunisiya, ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, da an fassara wa iyaye mata a Zango abin da ke gudana, na tabbata da wasunsu sun zauna har a tashi.