Abuja za mu kai yara, ko mu fara nuna musu Jos?



A zamanmu na ƙarshen wata an tayar da maganar yawon buɗe ido da muke son yi wa yara da matasa a hutun ƙarshen mako, kuma kamar yadda waɗanda suka halarta suka gani, kusan duk hannuwa Abuja suka nuna. Ni ne mai riƙe da biro, don haka na rubuta abin da aka faɗa ban tanka ba. Amma tun daga ranar abin yake cina, shi ya sa na ga gara in faɗi ra'ayina a nan kafin a kai ga yanke shawara. Ra'ayina ne ni kaɗai, ba na shugabanni ba.

A ganina bana mu tsaya a Jos. Ita ma babban birni ce, hedikwatar jiha tun 1967 lokacin Binuwai-Filato, kuma a fannin da muke magana, wato gidan tarihi da kasuwa, ban ga abin da Abuja za ta nuna mata ba.

Abin da ya fara juya mini tunani ɗan ƙaramin abu ne. Kwanaki na tambayi ɗana, wanda yake aji biyu na babbar sakandare, ko ya san inda gidan tarihi yake. Sai ya ce, "Baba, ba wajen gidan zu ba?" Ya sha zuwa kallon biri da yaran unguwa ranar sallah, amma bai taɓa taka ƙafa cikin ginin da ke maƙwabtaka da wurin ba. Da na bincika abokansa, duk kanwar ja ce. Kuma kada mu ɗora wa yara laifi. Mu iyayen, mutum nawa ne a cikinmu suka shiga tun bayan wanda malaman firamare suka kai mu a layi?

To ga abin da muke wucewa kullum a Keke ba mu waiwaya ba. An buɗe gidan tarihin Jos a 1952, shekara biyar kafin na Legas, kusan shekara 40 kafin gwamnati ta tare a Abuja. Wani Bature mai suna Bernard Fagg ne ya kafa shi, kuma dalilin kafa shi kuza ce, kuzar nan da ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu garin nan. Masu haƙa ne suka riƙa tono kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a cikin ramuka. An fara samun irinsu a 1928 a kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kai daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya don korar ɓarna, bai san abin da ya riƙe ba. Bincike ya nuna waɗannan kayayyaki sun haura shekara 2,000, kuma mutanen da suka ƙera su sun san narka ƙarfe. Yau duk wanda ya karanta tarihin Afirka a jami'ar Ingila ko Jamus sai ya ci karo da sunan Nok. Mu kuwa abin yana bayan gidan waya, kuɗin Keke ɗaya.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce, domin an faɗa mini a kunne bayan taro: wai za mu kai yara kallon gumaka. Hukuncin wannan na malamai ne, ba na sakatare ba. Abin da zan iya cewa shi ne wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ɗakin Nok ba, ya wuce shi, bai yi asarar komai ba, don abin da ya rage ya ishe shi wuni guda. A gidan nan akwai tarin tsofaffin littattafan Larabci rubutun hannu da aka tattaro daga garuruwan Arewa. Akwai zauren tukwane, inda aka jera tulu da randa da tukunya daga sassan ƙasar nan daban-daban, yawancinsu wata Baturiya Sylvia Leith-Ross ce ta bi ƙauyuka ta tara. Yaron da yake kashe naira 20 kullum bai san matar da ke bayan takardar, Ladi Kwali, maginiyar tukwane ce ba. A wannan zaure ne zai gane dalilin da ya sa aka ga sana'ar ta isa a sa ta a kuɗi. A harabar kuma ga tsohon jirgin ƙasa na layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 har aka rufe shi a 1957, ɗan siriri kamar na wasa. Da irinsa aka riƙa kwashe kuza.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma dalilin da ya sa na ɗauki biro, shi ne filin gine-ginen gargajiya da ke can ciki. Wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana yawo a Nijeriya yana auna tsofaffin gidaje da masallatai da fadoji, sannan aka kawo magina suka sake gina wasu daga cikinsu a nan Jos, ba 'yan ƙanana na ajiyewa a kan tebur ba, manya da mutum zai shiga. Akwai ɓangaren ganuwar Kano. Akwai kwaikwayon fadar Katsina. Akwai kuma tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Na asalin a Zariya, ginin zamani ya kewaye shi tun shekarun 1970, don haka wanda yake son ganin yadda siffarsa take daga waje, Jos ya kamata ya zo.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Yaron da aka haifa a Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos, a gidan bulo da kwano ya buɗe ido. Bai san tubali ba, bai san azara ba, bai taɓa ɗaga kai ya ga bakan gizo ya tashi daga ginshiƙi ya haɗe da ɗan uwansa a tsakiyar rufi ba tare da ƙarfe ko siminti ba. In ka ce masa zanko ko indararo ko makuba, sai ya zaci wani yare kake yi. Muna ta kukan yaranmu Hausarsu ta zama ta kasuwa, to kalma ba ta zama a bakin wanda bai ga abin ba. Sa'a ɗaya a cikin wannan masallaci tare da dattijon da ya san gini ta fi darasin wata guda. Kuma ginin ƙasa ba ya jira. Yana son yaɓe duk shekara, ga ruwan Jos da kowa ya san yadda yake dukan bango daga Afrilu har Oktoba. Wurin da mutane ba sa zuwa, ba wanda zai tuna da shi ranar rabon kasafi. In muna son jikokinmu su tarar da shi, ƙafarmu ce za ta fara yin magana.

Ba zan ɓoye inda Abuja ta fi mu ba. In ana maganar gidajen baje zane-zanen zamani, tana da su masu kyau, mu sai 'yan rumfunan masu sana'ar hannu. Kuma akwai amfani yaro ya ga Dutsen Zuma da Babban Masallacin Ƙasa da manyan tituna, ya san duniya ba ta ƙare a Mararrabar Jama'a ba. Sai dai mu yi lissafi da gaskiya. Tafiyar ta Akwanga da Keffi tana cin awa huɗu zuwa biyar in hanya ta yi kyau. Zuwa da dawowa sun cinye kusan wuni guda daga cikin biyun. Ga hayar mota, ga masauki, ga abinci a garin da ruwan leda ma yake da girman kai. Ma'aji ya fi ni sanin abin da ke asusu, amma ni na san abin da zai faru: za a ce kowane gida ya kawo yaro ɗaya, sannan a ce iyaye su cika. 'Ya'yan masu hali su tafi su dawo da hotuna, marayun da muke cewa dominsu muke tara kuɗin su kalla a waya. Wannan ne ba na so. Kuɗin da zai kai yaro ɗaya Abuja zai zagaya da yara da dama a Jos, har a ci shinkafa.

Ga yadda nake ganin za a tsara, kuma gyara na kowa ne.

Asabar da sassafe mu fara da Farin Gada, kafin rana ta ɗaga, lokacin da ake sauke kaya ana loda wasu. A nan yaro zai ga kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa tuli-tuli, a gaya masa cewa motocin nan Legas da Fatakwal da Abuja za su, kuma sanyin da yake ƙorafi a kansa da asuba shi ne yake fitar da wannan arziki. A bar kowane rukuni da ɗan kuɗi su yi cefanen abincin rana da kansu, su koyi taya kaya. Daga nan gidan tarihi, a ba shi lokacinsa sosai, kada a yi masa gudun-gudun. Zan je tun kafin ranar in ji lokacin buɗewa da kuɗin shiga na rukuni, in kuma nemi a ba mu mai yi wa yara bayani da Hausa. Gidan zu a bar shi ƙarshe, in ba haka ba an gama da hankalinsu.

Bayan la'asar sai Taminus. A nan na san za a yi mini ca. Me za a gani a Taminus ban da kango? To kangon nake so su gani. Duk wanda bai kai shekara 25 ba bai san Babbar Kasuwar Jos ba sai a labari, domin gobara ta cinye ta a 2002. Bai san lokacin da mutane suke tahowa daga jihohi maƙwabta don kawai su shiga cikinta ba. Da yawa daga cikin iyayen da ke kasa kaya a bakin titi yau, masu shago ne a ciki. A wurin nan ne kuma bama-bamai suka tashi ranar 20 ga Mayu, 2014, suka kashe sama da mutum 100, Musulmi da Kirista, ba su tambayi sunan kowa ba. Muna da 'yan kasuwa a cikinmu da suka ga duka biyun. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya minti goma ya ba yara labari, a yi addu'a, a wuce.

Lahadi a fita a makare, saboda kowa ya san yadda ake tsare wasu hanyoyi da safe kusa da coci-coci, kamar yadda ake yi mana ranar Juma'a. Sai a nufi Naraguta wajen dukawa a ga yadda fata take zama jaka da takalmi da matashi, in lokaci ya bari a leƙa Katako. A rufe da Rayfield, a zauna bakin ruwa daga nesa. Nan ma akwai darasi, domin ruwan nan ramin kuza ne da aka bari. Irinsa suna warwatse a ƙasar Filato, sun ci gonakin Birom da sauran masu ƙasar noma, kuma har yau suna cin rayukan yara masu wanka. Kakanninmu da suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau da Borno, wasu neman kuɗin haraji ya kawo su, wasu kuwa kamo su aka yi aikin tilas a 1942 zuwa 1944 lokacin yaƙin Hitila, da dama sanyi da yunwa suka kashe su. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, kamfanoni suka watse suka bar mu da ramuka, mu da maƙwabtanmu baki ɗaya. Yaron da ya ji wannan daga bakin kakansa a gaban ramin, zai fahimci garin nan fiye da yadda 'yan siyasa suke ba shi.

Saura maganar tsaro, wadda ita ce ta gaskiya a ƙarƙashin duk sauran. Tun rikicin Satumbar 2001, da na 2008 da 2010, garin ya rabu, kowa ya san iyakarsa ko da ba a zana ba. Akwai matasanmu da suka fi sanin Kano da Bauchi a kan wasu unguwannin da ke tazarar minti goma daga gidansu. Ba na cewa a yi ganganci. Da rana za a fita, a mota ɗaya ko biyu, da manya a kowane rukuni, a sanar da hukuma, a dawo kafin magariba, in kuma gari ya ɗan yi zafi a makon a ɗage ba tare da jayayya ba. Amma ina tambayar masu cewa Abuja ta fi kwanciyar hankali: awa tara ko goma a kan babbar hanya da yara cike da mota, shi ne babu haɗari? Kuma in mu da kanmu muka koya wa yaranmu cewa gidan tarihin garinsu wurin wasu ne, da wane baki za mu yi ƙorafi ranar da wani ya faɗa musu haka?

In Allah ya kai mu baɗi, sai mu nufi Kano, Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, yaran su ga ganuwar ta gaske bayan sun ga 'yar uwarta a nan. Abuja tana nan, ba inda za ta.

Za a kaɗa ƙuri'a a zama mai zuwa. Kafin nan ina roƙon duk wanda yake da dattijo a gida da ya yi aikin kuza, ko magini da ya san ginin ƙasa, ko wanda ya yi shago a tsohuwar kasuwa, ya sanar da ni, don mu ga ko ƙafarsu za ta iya fitar. Wanda ba zai iya ba, sai mu je gida mu ɗauki muryarsa a waya.