Mari Ba Ya Maganin Shaye-shaye

A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma ba ta tanadi isassun wuraren jinya ga waɗanda suka riga suka kamu ba. Dole iyaye suka ci gaba da kai 'ya'yansu gidajen mari. A 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane, wasu ɗaure da sarƙa, a Rigasa ta Kaduna, haka ma a Ibadan.

'Yan'uwa ɗalibai, a ganina wanda kodin ko tiramol ya kama majinyaci ne. Sarƙa ƙafa kawai take riƙewa; ranar da aka kwance shi, wurin dillalinsa zai fara nufa. Asibitin Aro da ke Abeokuta yana da sashen kula da masu shaye-shaye. Me ya hana kowace ƙaramar hukuma samun ko da ɗaki guda irinsa?