Karatun Kemistiri Ba Buɗe Kemis Ba Ne

A kowace shekara, idan jami'o'in ƙasar nan suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan sami gidaje da yawa inda murna take zuwa rabi da rabi. Yaro ya nemi karatun likita, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta ba shi Kemistiri, watau ilmin sinadarai. Uba ya ji sunan, ya tuna da shagon maganin da ke bakin kasuwa wanda kowa yake kira kemis, ya ce to ba laifi, in ya gama sai a kama masa shago. Shi kuwa yaron ya tafi makaranta da nufin ya yi shekara guda ya sauya sashe. Daga uban har ɗan babu wanda ya san abin da aka ba su.

Digirin Kemistiri ba ya ba mutum iznin zama mai harhaɗa magunguna. Wannan aikin waɗanda suka karanta Famasi ne, kuma suna da hukumarsu da take yi musu rajista. Haka nan ya bambanta da injiniyan sinadarai, wanda yake tsara manyan tukwane da bututan masana'anta. Aikin masanin sinadarai shi ne ya san abin da yake cikin abu, da yawansa, da abin da zai faru idan aka gama shi da wani abu a kan wani zafi.

Ilmin kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Marinin Ƙofar Mata a Kano yakan haɗa baba da toka da ruwa a rami ya bar su kwanaki, sa'an nan ya tsoma zane ya fito da shi kore-kore, iska tana bugunsa ya rikiɗe ya zama shuɗi. Majemi yakan jiƙa fata da bagaruwa don kada ta ruɓe. Duka biyun aikin sinadarai ne. Abin da jami'a take ƙarawa shi ne dalili da awo: me ya sa iska take juya launin, kuma toka nawa ce za ta isa ba tare da an yi kirdado ba.

Mai son shiga yana bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, a cikinsu da Turanci da Lissafi da Kemistiri da Fizik, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. Karatun shekara huɗu ne, amma wanda ya shiga da babbar takarda irin ta IJMB yakan fara daga aji biyu. Shekarar farko kusan maimaici ce, tare da sauran ɗaliban kimiyya. Daga ta biyu ake raba hanya huɗu. Akwai sashen sinadaran da suke ɗauke da kabon, wanda ya ƙunshi man fetur da roba da rini da yawancin magunguna. Akwai na ƙarafa da gishiri da ma'adinai. Akwai wanda lissafi ya yi wa yawa, mai binciken zafi da saurin haɗuwar sinadarai, kuma a nan ne ɗaliban da suka gudo daga Lissafi suke tarar da shi yana jiransu. Na huɗu shi ne sashen tantancewa. A aji uku ɗalibi yakan tafi koyon aiki a masana'anta na wajen wata shida, a aji huɗu kuma ya yi bincikensa na kansa ya rubuta.

Sashen nan na tantancewa ya cancanci a dakata a kansa, domin shi ne ya fi kusa da rayuwar talaka. A ƙarshen shekarar 2008 yara ƙanana suka fara mutuwa da ciwon ƙoda a asibitoci da dama, har da na Zariya da Legas. Bincike ya kai ga wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin. An tarar an haɗa shi da wani ruwa mai guba da ake amfani da irinsa a ruwan birki da na sanyaya inji, maimakon ruwan da ya dace a narkar da maganin a cikinsa. Ruwayen nan biyu kamarsu ɗaya, ba su da launi, kuma dukansu da ɗan zaƙi. Ido ba zai raba su ba, harshe ma haka, sai gwaji. Yara 84 aka tabbatar sun rasu. Da an sami mai gwada kayan haɗin tun daga ƙofar masana'anta, da gangar ba ta shiga ba.

Bayan haka, a 2010, sai ga abin da ya auku a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Dutsen da ake haƙo zinariya a cikinsa yana ɗauke da dalma mai yawa, mutane kuwa suna niƙa shi a cikin gida, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu. Likitoci sun ba da magani, amma magani ba ya amfani in yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa cutar. Sai da aka bi gida-gida ana auna dalmar da ke cikin ƙasa, aka kankare wadda ta gurɓata aka zuba sabuwa. Likita yana ganin yaron da aka kawo masa, mai awo kuwa shi yake gane gidan da na gaba zai fito. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Daga nan ana iya gane inda aikin yake. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna, tana da ɗakunan gwaji, haka ma hukumar kula da ingancin kaya da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Kowace hukumar ruwa tana bukatar wanda zai auna yawan alam da kulorin da za a zuba, domin ruwan kogi na damina da na rani ba ɗaya ba ne. Masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana suna gasa dutse a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma dare da rana ana ɗibar samfuri ana gwadawa. Ga masana'antar sukari a Numan, ga majemu a Challawa da Sharaɗa, ga masu fenti da sabulu da man girki da lemon kwalba. A Leki ta Jihar Legas an buɗe masana'antar takin yuriya ta Ɗangote a 2022, aka ƙaddamar da matatar mai a 2023. Mai sha'awar bincike kuma yana da cibiyar NARICT da ke Basawa a Zariya, wadda asalinta cibiyar binciken fata ce.

Amma fa kada a ruɗi yaro a ce aikin yana zube a ƙasa. Masaƙun Kaduna da Kano da suka ɗauki masana rini a da, yawancinsu sun rufe. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta yi shekaru ba ta tace mai. Masu digiri suna da yawa, guraben kaɗan ne, kuma mai masana'anta ba ya tambayar abin da aka haddace. Yakan miƙa wa mutum samfuri ya ce ya gwada. Nan ne ake kunyata ɗalibin da ya yi wata shidan koyon aikinsa a gida, ya sami wanda ya sa masa hannu a littafi. Wanda ya yi su a ɗakin gwajin hukumar ruwa ko na masana'anta, ko da ba a biya shi ko kwabo ba, ya riga ya tsere wa 'yan ajinsa. Bayan hidimar ƙasa kuma sai ya nemi rajista da ICCON, cibiyar da dokar 1993 ta ɗora wa tsara wannan sana'a.

Saura koyarwa, wadda yawancin ɗalibai suke ɗauka mafakar wanda ya rasa. Wannan raini ba shi da tushe. Makarantar da ba ta da malamin Kemistiri ba za ta fitar da likita ko injiniya ko ma'aikaciyar jinya ba, domin dukansu sai sun ci wannan darasi. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sami digirinsa na Ilmi da Kemistiri a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, ya koma ya yi na biyu a sashen tantancewa, ya yi shekaru yana koyarwa a Zariya da Katsina kafin ya zama Gwamna a 1999 da Shugaban Ƙasa a 2007. Wanda digirinsa ba na Ilmi ba ne yakan ƙara difloma ta koyarwa, sa'an nan ya yi rajista da hukumar malamai.

Uban da aka ba ɗansa wannan sashe, kafin ya biya kuɗin rajista, ya kamata ya je jami'ar da ƙafarsa ya nemi a nuna masa ɗakin gwaje-gwaje. Ya duba ko famfo yana kawo ruwa, ko akwai gas, ko ma'aunin yana aiki. Ya tari ɗan aji uku a bakin ƙofa ya tambaye shi sau nawa ya riƙe kwalbar gwaji da hannunsa a zangon da ya wuce, kuma su nawa ne suke taruwa a kan tebur guda.