A Ba Mai Tuba Tsintsiya Da Mabuɗi

Jama'ar zango, akwai wata magana da mu ke so mu yi da ku a kan samarinmu da su ka bar giya ko ƙwayar Tramol. In yaro ya tuba, mukan yi masa addu'a, a yi masa wa'azi, sa'an nan a bar shi zaune a ƙofar gida ba abin yi, kowa na kallonsa da wutsiyar ido. Bayan wata biyu ya koma, sai mu ce dama ba tuban gaskiya ya yi ba. Mu a ganinmu, laifin nan har da namu a ciki.

Ku dubi yadda ƙungiyar mashaya masu neman dainawa, watau Alcoholics Anonymous, ta samo asali a Amurka. Cikin watan Mayu na 1935, wani ɗan kasuwar hannun jari mai suna Bill Wilson ya tafi garin Akron neman ciniki, cinikin ya lalace. Wata biyar ke nan rabonsa da giya, ga shi baƙo a masauki, ga ɗakin shan giya kusa da shi. Duk fatake sun san irin wannan dare. Maimakon ya shiga, sai ya yi ta buga waya yana neman wani mashayi da zai taimaka wa, gama ya lura muddin yana ɗawainiya da wani, ƙishin kan lafa masa. Aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith. Likitan nan ya yi shansa na ƙarshe cikin watan Yuni na shekarar, bai sāke ba har ya rasu a 1950.

Tun daga nan hidima ta zama ginshiƙin tafiyarsu. Matakansu 12 ne, na ƙarshe shi ne kai saƙo ga wanda har yanzu ya ke cikin wahala. Sabon shiga akan ba shi ɗan ƙaramin aiki: jera kujeru, dafa kofi, tarbar mutane a bakin ƙofa. Aikin kuwa zagayawa ya ke yi, ba mai riƙe shi har abada. Hikimar a fili ta ke. Wanda mabuɗin ɗakin taro ke aljihunsa, dole ya zo da hankalinsa, domin mutum ashirin na jiransa a waje.

Masana sun auna abin. Binciken da Maria Pagano da abokan aikinta su ka buga a 2004 ya nuna cikin waɗanda su ka taimaki 'yan'uwansu mashaya, 40 cikin 100 sun cika shekara bayan magani ba su sha ba, amma cikin waɗanda ba su taimaki kowa ba, 22 kaɗai. Musulmin Baltimore ma sun kafa tasu, Millati Islami, a 1989, su ka daidaita matakan da Alƙur'ani da Sunna.

Waɗansu dattawa za su ce yaya za a amince wa wanda jiya ya sayar da rediyon uwarsa? Suna da gaskiya, kuma ba mu ce a danƙa masa asusun ƙungiya ba. Su kansu Amurkawan ba su ba sabon shiga ajiyar kuɗi sai ya daɗe. Haka nan wanda jikinsa ke rawa in bai sha ba, asibiti za a fara kai shi, tsintsiya ba ta maganin wannan.

Amma aikin da bai shafi kuɗi ba ai ya yi yawa a Nima da Aboabo da Sabon Zango: shimfiɗa tabarmi ran Juma'a, cika butoci, ɗaukar kanofi da kujeru wurin suna, haƙa kabari. Muna roƙon kwamiti ya rubuta ayyukan nan kafin taro mai zuwa, a raba wa masu tuba, kowane a haɗa shi da wani da ya riga shi dainawa, wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba in ba a gan shi ba.